Kunnen Hagu na Shanun Baba

Litinin, 5 ga Agusta, bayan la'asar

Yaya Abdulmuhaimin ya ɗora mini aiki, kamar ba ni da abin yi. Wai Tasha za ta cika shekara saba'in a watan Nuwamba, yana son ɗan littafin tarihinta mai hotuna, ya raba wa Larabawan da yake zawarci su shigo harkar kiwon. "Tunda Baba yana wajenki yana jinyar gwiwa, ki tatse shi. Ke ce mai biro." Shi fa digiri biyu gare shi. Na ce to.

Tasha ita ce Kwarin Gwaza, can bayan duwatsun Taraba, inda mota ke tsayawa a bakin rafi a ƙarasa da babur ko da ƙafa. A can aka haife ni, amma rabona da ita shekara goma sha ɗaya. Yanzu magani nake bayarwa a wani asibiti a nan Dubai, kuma abin da ya rage mini na Tasha shi ne har gobe ba na iya shan madarar kwali.

Baba ya ji daɗin maganar. Sati uku ke nan da aka yi masa aiki, ya gaji da kallon bango. Na kunna waya na ajiye a gabansa, sai ga labari. Turawan ofishin dabbobi ne suka kafa wurin don su gwada tumakin ulu da suka kawo daga ƙasar sanyi. Damina biyu ciwon kofato ya gama da su, Baturen ya haƙura ya koma kan shanu da tumakin gida. Da zai tafi ya bar ɗakin dutse, da ramin da ake yi wa dabbobi wankan kaska, da injin ruwan da bai taɓa tashi ba. Baba ya je can yana ɗan shekara ashirin da biyu, malamin allura.

"Daga nan fa?" na ce.

"Daga nan Allah ya yi albarka, Uwata." Sunan mahaifiyarsa gare ni, ba ya kiran Hadijatu.

Na ce Baba, shekara ashirin fa ka tsallake. Ya ce gwiwarsa na zogi.

Laraba, 7 ga Agusta, ƙarfe biyu na rana

Esi, na'urar sanyaya ɗaki, ya mutu da safe. Esi ya mutu a Dubai cikin Agusta, ai sai addu'a. Ofishin gidanmu suka turo mai gyara, wani dogo da furfura a gemu. Yana kan tsani ya ji Baba ya ce "wash Allah," sai ya leƙo ya ce, "Sannu Baba, Allah ya ƙara sauƙi." Ashe ɗan gida ne. Edwin sunansa.

Hotunan da Goggo Barira, ƙanwar Baba, ta haɗo masa a tsohon gwangwanin biskit suna baje a tebur. Edwin ya gama, ya wanke hannu, zai fita ya tsaya a kan wani hoto. Ya daɗe a tsaye.

"Hajiya, nan ina ne?"

"Kwarin Gwaza."

"A nan aka haife ni," ya ce. "Babana Yunana shi ne babban makiyayin Tasha. Kin ga kunnen dama na saniyar nan? Tsaga biyu. Shaidar gidanmu ke nan. Mama har yanzu haka take tsaga wa 'yan awakinta a Jalingo, akuya biyu kawai fa, amma sai ta tsaga."

Ya roƙi ya ɗauki hoton a wayarsa ya tura wa tsohuwar. Na ce ɗauki mana.

Na juya in ga murnar Baba, sai na tarar ya rufe ido wai barci yake. Baban da ko mai kawo abinci sai ya tambaye shi ɗan waye.

Shaidarmu na san ta tun ina yarinya: tsaga biyu a kunnen dama, a kuma yanke bakin kunnen hagu. Ta yi kama da tasu, amma ai kama da wane ba ta wane. Abin da ya tsaya mini daban ne. Duk yawan mutanen garin nan, mai gyaran esi na ya zama haifaffen Tashar ubana, a satin da ake maganar Larabawa? Da walakin, goro a miya.

Alhamis, 8 ga Agusta, da hantsi

Na tambayi Baba waye Yunana.

"Ma'aikaci ne. Ya tafi shekarar gudu."

"Da shanunsa?"

"Ki rubuta abin da na faɗa miki."

Shekarar gudu ina da shekara biyu. A gidanmu ba a maganarta. Abin da na sani kawai shi ne cocin da ke tsallaken rafi ba shi da rufi tun da na yi wayo, kuma ba a barin mu wasa a can.

Asabar, 10 ga Agusta, bayan azahar

Na kira Yaya. Na ce wani Edwin ya zo gyaran esi, ya ce a Tasha aka haife shi.

"Ɗan Yunana?" ya ce.

Ban ambaci Yunana ba. Na sake bin maganarmu a raina sau uku, wallahi ban ambata ba.

Sai ya hau faɗa. Ɗan damfara ne, sun ji ƙamshin Larabawa, kada in sake in bar shi ya shigo, kada in bar Baba ya yi magana da shi. "Sunan Baba fa, Hadijatu. Mutumin da ya gina masallaci uku. Wani ya zo a ƙarshen rayuwarsa ya shafa masa kashin kaji?"

Sunan Baba shi ne abin da nake taƙama da shi a duniya. A makaranta in aka ce 'yar Alhaji Gidaɗo, har malamai gyara zama suke yi. Ba zan bari a taɓa shi ba. Amma ya aka yi Yaya ya san sunan?

Lahadi, 11 ga Agusta, ƙarfe ɗaya na rana

Edwin ya dawo, ba wanda ya kira shi. Daga coci yake, da farar riga da ledar lemo. Baba yana jin muryarsa ya ja sandarsa ya shige banɗaki ya kulle. Minti arba'in.

Edwin ya zauna a bakin kujera kamar za ta cije shi. Wai mahaifiyarsa, Mama Louisa, ta ga hoton ta yi kuka. "Ta ce a gaida Malam Gidaɗo. Ta ce saniyar nan Wule ce, ita take tatsar ta da hannunta."

Na ce me yake so. Haka na ce, ba ko sannu da zuwa.

"Ba abin da na zo nema, Hajiya, wallahi." Sai ya ba ni labari ba tare da na tambaya ba. Da za su gudu, yana ɗan shekara biyar, babansa ya bar wa Baba garkensa amana, shanu da tumaki. "Kin san yadda ake yi. Mai riƙo ya sha nono, duk maraƙi na uku nasa ne, amma shaida ba ta canzawa, 'ya'ya su bi kunnen uwarsu. Da ƙura ta lafa babana ya koma, Baba Alhaji ya ce masa ciwon bushiya ya shiga ya kashe su duka. Babana ya ce Allah ya bayar, Allah ya karɓa. Khalas, shi ke nan. Gadi ya yi a wata makaranta har ya rasu. Bai taɓa zagin kowa ba."

"To yanzu fa?"

"Mama ce kawai take so ta ji muryarsa. Ta ce shi kaɗai ya rage wanda ya san su lokacin da suke mutane."

Duk wanda ya ce bai zo neman komai ba, ka duba aljihunka bayan ya tafi. Na karɓi lemon, na ce Baba ba ya jin daɗi. Lemon yana nan a kicin, ba wanda ya taɓa.

Talata, 13 ga Agusta, bayan la'asar

Motar kamfanin su Edwin a ƙofar gidanmu jiya, yau ma haka. Na san gidan nan ɗaki tamanin ne, kuma kowa esinsa na ciwo a wannan watan. Na sani. Amma na leƙa ta taga sau huɗu.

Baba ba ya cin abinci. Jininsa ya hau, na auna da kaina. In aka buga ƙofa sai ya zabura. Mutum ya zo jinya, wani ya zo ya hana shi sakat.

Laraba, 14 ga Agusta, da rana

Yaya ya kira sau uku. Kalma ɗaya: ki yi maganinsa.

Alhamis, 15 ga Agusta, ƙarfe goma na safe

Na kira kamfaninsu. Minti shida muka yi. Ba zan rubuta abin da na ce ba.

Asabar, 17 ga Agusta, da yamma

Shiru. Na ce wa Baba mai gyaran nan ba zai ƙara zuwa ba, an canza masa unguwa. Ya dube ni, sannan ya ci tuwon shinkafa ya nemi ƙari.

Mun koma kan waya. Yau ya saki jiki. Ya ba ni labarin farin shekarun baya, yadda suka riƙa sassabe ganyen gawo suna ba tumaki, da wani rago mai suna Gwamna da ya tunkuyi jami'in haraji ya jefa shi a ramin wankan kaska. Na yi dariya har da hawaye. Wannan ne Babana.

Na zauna na fara babi na uku. Na rubuta: "Bayan shekarun wahala, Alhaji Gidaɗo ya kafa garken kansa." Na tsaya ina kallon layin. Malamin allura, mai albashin da ya ce ko keke bai saya masa ba. Ya kafa da me? Na rufe kwamfutar na tafi wanke-wanke.

Litinin, 19 ga Agusta, ƙarfe huɗu na yamma

Na kai hotunan wani shago a bayan kasuwar yadi a juye su cikin kwamfuta. Mai shagon ya faɗaɗa ɗaya a allo don ya goge masa tabo. Mai kala ne, an rubuta 1986 a bayansa da rubutun Goggo. Garke guda a gaban ɗakin dutse, manyan shanu masu ƙaho, wasu da maruƙa a gindinsu. Kunnuwansu na dama tsohuwar tsaga ce, ta warke har gashi ya rufe ta. Kunnuwan hagu kuwa duk shuɗi, irin shuɗin maganin nan da ake shafa wa sabon rauni.

Ko yaron goye a Tasha ya san a satin farko ake yi wa maraƙi shaida, lokacin kunne yana da taushi. Ba a yanka kunnen babbar saniya. Ba a yi, sai in da dalili.

Baba yana tsaye a tsakiya, saurayi da shi, yana murmushi. Hannayensa shuɗi har wuyan hannu.

Mai shagon ya ce, "Madam, a goge shuɗin?" Na ce ya bar shi. Ban san lokacin da na iso gida ba.

Talata, 20 ga Agusta, da safe

Wataƙila kaska ce ta cije su. Dukansu. A kunne ɗaya.

Alhamis, 22 ga Agusta, bayan azahar

Na fita baranda cikin zafin nan don kada Baba ya ji, na kira Goggo Barira. Mun yi gaisuwa ta kai minti goma, ta tambayi gwiwa, ta tambayi miji da ban da shi, sannan na ce, "Goggo, bushiya ta kashe shanu a shekarar gudu?"

"Ta kashe a ko'ina, 'yar nan. Har Yola an yi kuka."

"Ta shigo Kwari?"

Ina jin kajinta.

"Rafi ya cika a shekarar, wata huɗu ba shiga ba fita. Ko baƙo ɗaya bai ƙetaro ba, bare ciwo."

Na ce Goggo, me kike gaya mini?

"Ban gaya miki komai ba. Amma hoton nan mai kala, a ƙarƙashin katifata yake shekara talatin da wani abu. Ni na sa shi a gwangwanin da hannuna. Na tsufa, Hadijatu. Louisa ce ta karɓi haihuwarki, kin sani? Uwarki ta kwana biyu tana naƙuda, ba mota, ba likita."

Ban sani ba. Ba wanda ya taɓa gaya mini.

Sati biyu ina zargin mai gyaran esi, ina zargin Yaya, har mai gadin da ke ƙasan benenmu na zarga da kai rahoto. Tsohuwar da nake aika wa turare ban taɓa kawo ta a rai ba.

Juma'a, 23 ga Agusta, da rana

Na kira lambar Edwin. A kashe. Ranar Juma'a ce, wataƙila yana hutu.

Asabar, 24 ga Agusta, da rana

A kashe.

Lahadi, 25 ga Agusta, lokacin abincin rana

Na ajiye hoton kusa da kwanon Baba. Ya ce in miƙo masa tabarau, tabaran da ya rantse ba ya bukata. Ya duba ya duba. Miyar ta huce. Ya cire tabaran ya ninke, ya ce zai kwanta.

Yaya ya turo saƙo: ina babi na uku? Ban amsa ba.

Ina jin haushin Baba, ina jin tausayinsa, kuma ina tsoron kada ya mutu a ɗakina da wannan abu a bakinsa. Ban san wanne ya fi yawa ba.

Talata, 27 ga Agusta, ƙarfe bakwai na safe

Bayan asuba Baba ya kira ni. Yana zaune a kan kujerar da yake salla, carbi a hannu.

"Uwata, na yi niyyar mayarwa. Shekarar farko na ce sai hanya ta yi kyau. Ta biyu mutane suka ce waɗanda suka gudu ba za su dawo ba, in ban sa musu shaidata ba wasu za su kwashe. Na ce don in tsare wa Yunana ne. Da na gan shi ya ƙetaro rafi da sandarsa, ya rame, sai bakina ya ce bushiya. Ban shirya ba. Ya dubi garken, ya san kowace saniya da sunanta, ya dube ni, ya ce Allah ya bayar. Gara da ya mare ni."

Na ce Baba ya isa.

"Bai isa ba. Masallaci uku na gina, bai isa ba. Kira mini ɗan Yunana. Da bakina zan gaya masa, in gaya wa uwarsa. Abdulmuhaimin ya yi ta tsalle, garke dai sai an raba."

Na ce to. Na ce gobe. Yau ina da aiki, kuma gaskiya ce ina da aiki.

Laraba, 28 ga Agusta, bayan la'asar

Na ɗauki hutun rabin yini. Mai gadin ƙasa ya ce a Al Ras Edwin yake kwana, bayan shagunan kayan yaji. Na hau abra, ɗan jirgin ruwan haya, na ƙetare, rana tana dukan ruwa tana dawo mini a fuska. Na yi ta tambaya har wani ɗan Nijar mai ɗaurin kaya ya nuna mini bene. Ɗaki ɗaya, gado shida. Wani mutumin Filato mai suna Aminullahi ya buɗe.

"Edwin? Ai ya tafi, Hajiya. Ranar Alhamis ɗin da ta wuce muka raka shi filin jirgi."

Na ce hutu ya je?

"Wane hutu. Wata mata ce ta kai ƙararsa, wai ya shiga gidanta ba a kira shi ba, ya ɗauki hoto ba izini. Kin san garin nan, maganar hoto ba wasa ba ce. Kamfani suka ce ko ya sa hannu ya tafi salin alin, ko 'yan sanda. Yalla, nan take suka soke biza. Shekara tara yana musu aiki, yara uku a makaranta." Ya girgiza kai. "Mun ce ya faɗi ko wace ce, mu je mu ba ta haƙuri. Ya ƙi. Ya ce mutanen garinsu ne, ba zai tona su ba."

Na tambayi lambarsa ta gida. Ba su da ita, ya ce zai kira in ya sayi sabon layi. Bai kira ba tukuna.

Ni na ce masa ɗauki mana. Yana nan a rubuce, ranar bakwai ga wata, da hannuna. Na ce wa matar kamfanin bai tambaye ni ba.

Da na buɗe ƙofa na tarar da Baba ya sa babbar rigarsa, wadda ya zo da ita don ranar komawa gida, ya kafa hula. Ya lallaɓa da sanda ya dafa shayi da kansa, kofi biyu a tire, ya yanka lemon nan da ya fara yaushi ya jera a faranti.

"Yana hanya?"

Na tsaya a bakin ƙofa da takalmina a ƙafa. Na so in ce an canza masa gari. Ƙaryar tana bakina, a shirye, ko neman ta ban yi ba. Sai na gaya masa duka, har da minti shidan.

Bai yi faɗa ba. Ya cire hular ya ɗora a gwiwar da aka yi wa aiki, ya daɗe yana kallona, irin kallon da ya yi wa hoton.

"Don ni kika yi?"

"Don sunanka, Baba."

Ya gyaɗa kai a hankali.

"Ashe ba shanu kaɗai na tara muku gado ba," ya ce.